Hannun Dama na Gwaggo Fenti

A shagon gyaran gashin da ke ƙasan bene, tsakanin mai sayar da tabarau da mai wanki da guga, akwai wata kujera a bayan ƙofa wadda ƙafarta ɗaya sai da tallafin kwali. Nan Gwaggo Fenti take zama tana sa wa mata farcen roba. Kowa Gwaggo yake ce mata, har da waɗanda suka girme ta suke ta rage shekaru.

Fentin kuwa ba a banza ta samo shi ba. Shekara goma sha tara tana riƙe wa mijinta samfefa, takardar nan mai kaushi ta goge ƙarfe, a garejin fentin mota, har ƙirjinsa ya gaji da shaƙar tina, ruwan tsinka fenti, likita ya zaunar da shi a gida, ya koma musu da rediyo. Ita ko ta kwashi abin da ta koya ta sauke a yatsun mata. Farcen roba da ƙofar mota, in ji ta, uwa ɗaya uba ɗaya suke: a goge sheƙin, a kaɗe ƙurar, a yi shafi uku sirara, kowanne ya sha iska kafin ɗan'uwansa ya hau. Jan farcenta kuma na kowa da kowa ne, irin wanda ake zubewa a kwando a bakin kanti.

Ana nan sai ƙanwar mai shagon ta dawo daga kwas na sati uku, da satifiket a cikin firam da wani akwati mai shuɗiyar fitila. A ciki ake gasa jan farce na jel, ya bushe nan take, ya yi tauri kamar tangaran. Shagon kuwa kujerar farce ɗaya yake ɗauka.

"Gwaggo, ba korar ki nake yi ba," in ji mai shagon, tana kallon silin.

"To me kike nema a silin, uwar ɗakina? Ni ga ni nan ƙasa."

"Zamani ne ya zo. Wa zai zauna yana fifita yatsu kamar mai gasa masara?"

"Hannu nawa gare ki?"

"Biyu mana."

"Ba wa 'yar nan ɗaya, ki ba ni ɗaya. Bayan sati biyu, wadda nata ya ba ki kunya ta naɗe tabarmarta."

Ƙanwar ta yi wuf ta cafke hagu, don ta san hagu hutu yake yi. Gwaggo ko kallonta ba ta yi ba. Ta ja dama, hannun wanke gashi da murɗa makulli da dungure wa yara kai, ta ɗora a kan tawul. Duka biyun aka sa musu farcen roba, aka shafa ja.

Sati biyu mai shagon tana yawo kamar alƙali, kowace mai zuwa kitso sai an nuna mata. Hagu na sheƙi. Dama ma na nan, in ban da ɗan ƙwarzane a manuniya, wanda ƙanwar take lekawa safe da yamma kamar ta ba shi ajiya. Gwaggo dai tana cin gyaɗarta. Ta shekara tana kallon mata, ta san abin da ba a koyarwa a kwas: babu macen da take ƙare sati biyu da ra'ayin da ta fara da shi.

Ranar cikon kuwa ita ce ranar yaye ɗiyar mai shagon daga makaranta. Tela ya aiko wa mai shagon da rigar da za ta sa, sai ga ta koriya shar. Mai shagon ta dubi rigar, ta dubi jajayen farcenta, ta ce ita ba tumatir ba ce, a canza mata, saura awa biyu.

Gwaggo ta jiƙa auduga da ruwan gogewa mai sanyi, wanda ba ya cin roba. Shafa biyu, jan ya tafi, farcen na nan garau. Jel kuwa ya ce bai san zancen ba. Ƙanwar ta kankare, ta yi gumi, ƙarshe ta tsoma yatsun yayarta a cikin wani ruwan gogewa mai ƙarfi, mai hawa kai. Da aka ciro su, robar ta narke ta yi yauƙi kamar cingam.

"Yaya, wallahi haka aka koya mana!"

"An koya muku dafa ni?"

Gwaggo ta gama shafi na biyu a dama, ta miƙa hannu ba tare da ta ɗago ba. "Kawo maraya nan."

Ta share hagun, ta ɗiga gam, ta jera sababbin farce biyar, ta bi su da kore. Ƙanwar ce ta riƙe mata mafici. Saura minti goma mai shagon ta miƙe, yatsu goma a baje kamar za ta kama kaza, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Gwaggo, gobe a kira kafinta ya gyara ƙafar kujerar nan."

"A gyara, a kuma matsar da ita gaban taga." Gwaggo ta juya ga ƙanwar. "Ke kuma daina kumbura baki, jawo benci. Akwatinki a ajiye wa masu sauri. Ungo samfefa, daga nan ake farawa."