Ɗigo Ɗaya a Bangon Aji

Na daɗe ina koyar da lissafi a wata makarantar sakandare da ke tsakanin Kura da Bunkure, inda in ka leƙa ta tagar aji ba abin da za ka hanga sai kanal da gonakin rani. Ɗalibanmu kusan duk 'ya'yan manoma ne. Lokacin dashen shinkafa ajin yakan rame, lokacin tsinkar tumatir kuma su zo hannuwansu na warin ganye. Darasin ƙididdiga a allo nake yin sa da alli, in ƙago lambobi da ka, su kwafa, su rubuta jarrabawa, su manta.

Wata shekara wata ƙungiya ta kawo mana kwamfutocin tafi-da-gidanka guda kaɗan, da majigi, da farantan sola. A cikin kowace kwamfuta akwai manhajar ƙididdiga. Ka zuba mata lambobi, kafin ka gyara zama ta fitar da matsakaicinsu, ta kuma zana maka su ɗigo-ɗigo yadda ko yaro zai gane. Wadda aka turo ta koya mana wata malama ce daga birni, mai gilashi, mai saurin baki, ga fara'a. Ban ga laifinta ba, amma tun ranar farko raina bai kwanta ba. Na tambaye ta wa ya sayi kayan nan, ta ce masu son ci gaban ilimi. Na ce su kuma me za su samu? Ta yi dariya ta ce, "Lada, Malam."

Abin da ya fi tsaya mini shi ne umarnin da ta bari, wai lokaci-lokaci a riƙa haɗa kwamfutocin da intanet don manhajar ta sabunta kanta. In na haɗa, sai wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a kusurwar gilashin kwamfutar. Nakan zauna in zuba masa ido. Karɓa yake yi ko bayarwa? Ba wanda ya iya gaya mini a duk makarantar.

Malamar ce ta ce in daina ƙago lambobi. Ta ce yara sun fi fahimta in abin ya fito daga gidajensu, don haka kowa ya tambayo buhu nawa na albasa aka samu a gidansu a kakar da ta wuce, ya rubuta a guntuwar takarda ba tare da suna ba. Na ce mata mutanenmu ba sa son a ƙirga musu abin hannunsu. Shugaban makarantarmu, dattijo ne da ya kusa ritaya, ba ya son hayaniya, ya ja ni gefe ya ce, "Malam, a yi yadda ta ce. Kar a kwashe kayan nan a kai Madobi, a ce mu ne muka ƙi."

Na ba da aikin. Sai aka yi rashin sa'a, a daidai kwanakin nan aka ga wasu mutane masu hular kwano suna bin bakin kanal da na'urar awo mai ƙafa uku. Nan take magana ta bazu, wasu su ce za a sake rabon filaye, wasu su ce kuɗin ruwa za a ƙara. Ga kuma yara sun shiga gida suna tambayar buhuna. Ai kuwa sai aka haɗa biyun.

Na fara ganin alama a teburin mai shayi. Ina zuwa sai hira ta mutu, a koma zancen ƙwallo. Wani mai injin casar shinkafa da muka saba wasa ya tare ni ya ce, "Malam, an ce an ƙara maka girma, ba ka gaya mana mun yi murna ba." Na ce wane girma? Ya ce, "To, Allah Ya sa alheri," ya buga babur ɗinsa. Da na koma gida maiɗakina ta ce maƙwabciyarmu ta shigo aron rariya, ta zauna ta ƙi tashi, a ƙarshe ta tambaye ta ko gaskiya ne ina yi wa masu haraji aiki a ɓoye.

Da takardun suka zo, ko ban zuba su a kwamfuta ba na san an yi mini rufa-rufa. Ni da idona na ga manyan motoci suna fita da albasa daga yankin nan har aka gaji da ƙirga su, amma a takardun yaran kai ka ce fari aka yi. Wani ɗalibi ma bai ɓoye ba, ya ce, "Malam, babana ya ce in ce ƙwari sun cinye." Ajin ya fashe da dariya, ni ma na yi.

Ranar da malamar ta dawo duba mu, na gaya mata lambobin nan ba na gaskiya ba ne, mu bar su. Ta ce ai hakan ma darasi ne. Ta karɓi takardun ta shigar da kanta, ta kunna majigi, aka rufe tagogi. Zanen ya fito a jikin bango. Ɗigogin duk sun cunkushe a ƙasa kamar tururuwa sun sami sukari, sai guda ɗaya can sama, shi kaɗai, kusa da silin.

Malamar ta tafa hannu don murna. Ta ce, "Kun ga wannan? Irinsa ake cewa ya ware. Shi kaɗai ya isa ya ja matsakaicin sama. Wa zai gaya mini abin da ya sa ya yi nisa haka?"

Sai kawuna suka fara juyawa ɗaya bayan ɗaya, suka tsaya a kan wata yarinya a layi na biyu. 'Yar wani Alhaji ce wanda rumfunan ajiyar albasarsa suka jeru a bakin hanya, yarinya mai ƙoƙari, marar surutu. Mahaifinta ya yi tafiya lokacin da na ba da aikin, ba wanda ya gargaɗe ta, ita kuwa ta san abin da aka loda. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ni gaskiya na rubuta." Wani daga baya ya ce, "Kai! Ashe haka kuke?" Ina ƙoƙarin tsawatarwa, sai na ga malamar ta ɗaga wayarta ta ɗauki hoton bangon.

Washegari ina aji aka ce shugaba na kira. Na tarar da Alhajin zaune a ofis, ƙafarsa da taɓon gona, bai ko cire hularsa ta malfa ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a taƙaice.

Ya ce, "Malam, wa kake yi wa aiki?"

Na ce, "Gwamnati, Alhaji, kamar kowane malami."

"Ba wannan nake tambaya ba. Wa ya ce ka ƙirga mini albasa?"

Na yi masa bayani iyakar iyawata, cewa darasi ne, ba suna a jiki. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Ba suna? Jiya kafin la'asar an san abin da na samu har a tashar a-daidaita-sahu. Kana tsammanin haraji nake tsoro? In haraji ne su zo su karɓa. Ka san zamanin da muke ciki. Mutanen da ke ɗauke mutum su kai shi daji, ba duba suke yi ba, labari ake kai musu. Ni ina da mata da yara, gidana kuma shi ne na ƙarshe kafin gonaki."

Shugaba ya yi ta ba shi haƙuri. Alhajin ya ce a kawo na'urar, a goge abin a gabansa. Na ɗauko, na nuna masa, na goge. Ya matso da fuskarsa dab da gilashin.

"Ya fita?"

"Ya fita daga nan, Alhaji."

"Daga can fa?" Ya nuna wajen Kano da haɓarsa. "Za ka iya rantsewa ba a aika shi ko'ina ba?"

Na tuna zoben nan mai juyawa, da hoton da aka ɗauka. Ban rantse ba. Ya dube ni, ya dubi shugaba, ya ce, "Ka gani, shi ma bai yarda da su ba."

Na kira malamar a waya, na buɗe murya yadda kowa zai ji. Ta ce wallahi ba abin da ke fita daga kwamfutar, hoton kuma don rahoton aikinta ne, amma za ta goge yanzu. Muryarta ta yi kama da ta mai gaskiya. Da na kashe, Alhajin ya miƙe yana kaɗe riga ya ce, "Ta ce za ta goge. Ka gani da idonka?"

Daga ranar yarinyar ta daina zuwa makaranta. Na ji an ce Alhajin ya ɗauki 'yan sintiri, kuma ba kullum yake kwana a gidansa ba. Ni ma na shiga wani hali. Duk baƙuwar motar da ta wuce ta gaban makaranta sai na bi ta da kallo har ta ɓace.

Wata ranar Laraba da hantsi muka ji ihu daga wajen gadar kanal. Aka aiko a guje wai in zo, an kama mutanena. Na isa na tarar da samari sun kewaye wata mota mai baƙin gilashi, wasu da sanduna, wani da fartanya. Mutum biyu ne a ciki da direba, ba sa jin Hausa sosai, sun tsaya suna tambayar ina rumfunan Alhaji mai albasa. Da aka leƙa aka ga kwamfuta a kujerar baya, shi ke nan.

Wani saurayi ya nuna ni ya ce, "Ga irin taka nan, Malam. Ka san su?"

Na ce ban taɓa ganinsu ba. Ya ce, "Ai dama ba za ka ce ka san su ba." Na yi wa baƙin magana da Turanci, suka ce daga kudu suke, albasa suka zo saye, dillalinsu ya ce su yi gaba zai same su. Na fassara, amma ba wanda ya saurare ni, don a ganinsu bakinmu ɗaya. Har an fara jijjiga motar sai ga Alhajin a kan babur, dillalin na goye a bayansa yana ta ɗaga hannu. Ashe Alhajin da baƙin sun shekara suna ciniki ta waya, ba su taɓa haɗuwa ba. Alhajin ya daka wa samarin tsawa, aka watse ana gunaguni. Ya wuce da baƙinsa, bai ko dubi inda nake ba.

Bayan wannan na daina tambayar kowa abin gidansu. Nakan sayi kwandon tumatir in kawo aji, mu auna kowanne a kan sikelin ɗakin kimiyya, ko mu gwada tsawon ɗalibai da igiyar tela. Manhajar ta yi aikinta, yaran kuma sun fahimci darasin fiye da yadda na taɓa gani a shekarun alli, wannan ba zan ɓoye ba. Amma na daina haɗa kwamfutocin da intanet. Malamar ta lura, ta yi mini magana sau biyu, ta kai ƙarata wurin shugaba. Na tambaye ta ta yaya ta san ban haɗa ba, tunda ta ce ba abin da ke fita? Ta ce ai wannan daban ne, ta yi dogon bayani da ban riƙe ba. Wataƙila gaskiyarta ne. Daga nan zuwanta ya ja baya, har shirin ya ƙare, aka bar mana kayan.

Yarinyar ta dawo gab da jarrabawa, ta koma zama a layin baya, ta ci lissafi da kyau. Masu hular kwanon nan ashe gyaran kanal suka zo aunawa, amma da kaka ta zagayo an ƙara kuɗin ruwan, kuma har yau akwai masu cewa daga kwamfutar Malam aka samo hujja. Alhajin ba abin da ya same shi, alhamdu lillahi. Mukan haɗu a masallacin Juma'a mu yi musabaha. Kwanaki na yi suɓutar baki na ce, "Alhaji, ya albasa bana?" Ya riƙe hannuna, ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "Da godiya, Malam," ya saki, ya shiga neman takalminsa.