Kwantenar Hajiya Kubra Mai Tifa

A Mpape idan kana neman gidan Hajiya Kubra Mai Tifa, ba a kwatanta maka da layi. Cewa ake yi ka haura sai ka ga wata koriyar kwantena kusa da famfon da mata ke layi, to nan ne. Allah ya jiƙanta, bana ta rasu bayan gajeriyar jinya, kuma duk unguwar babu wanda rasuwar ta girgiza kamar Azumi.

Azumi ita ce mai girkinta tun farkon fari. Tare suka fara, lokacin Hajiya ba ta zama Hajiya ba, bazawara ce daga Kaduna da tukunya biyu, tana sayar wa masu fasa dutse shinkafa da wake a bakin kwari. Ƙura a ido, ƙarar nakiya a kunne, haka suka yi ta fama. Daga abinci Kubra ta koma sarin tsakuwa, daga nan ta sayi tsohuwar tifa mai tari kamar dattijo, tifa ta haifi 'yan uwanta, har aka wayi gari gine-gine a Maitama da tsakuwarta ake zubawa. Amma ba ta bar Mpape ba. Ta haƙa burtsatse ta ce kowa ya ɗiba, Musulmi da Kirista. Mace ta kwana biyu tana naƙuda, motarta ce ke kai ta asibiti. Kuma faɗa gare ta, kada a yi mata ƙarya don ta mutu: direbobinta idan sun ji takun takalminta, sai kowa ya kama abin yi.

Kwantenar kuwa dalilinta daban ne. Wata shekara aka ƙone wani lebura a kan titi bisa zargin satar janareta, mutumin da yake cin abinci a rumfarsu. Washegari Kubra ta je Idu ta sayo kwantena, ta sa aka huda mata 'yar taga a sama, ta tara masu unguwa ta ce daga yau duk wanda aka kama, a kawo shi nan ta kulle shi sai 'yan sanda sun zo. Dariya aka yi mata. Sai dai wanda yake shan ruwanka, kuma kai ka kai matarsa asibiti, nauyin ƙi maka yake ji. A hankali abin ya zama al'ada. Ko an fara dukan mutum, sai wani ya ce a kai shi gidan Hajiya. Ita kuma ta datse kwaɗo, ta tsaya da makulli a hannu kowa yana gani, tana kiran samarin ɗaya bayan ɗaya da sunan iyayensu mata har wutar ta mutu.

Duk lokacin da aka yi haka, Azumi tana madafa, ta tura ƙofa ta toshe kunne. Matsoraciya ce ta bugawa a jarida, ita ma ba ta musu. Ko fashewar taya ta ji, sai ta yi salati ta nemi gindin bango.

Ranar sadakar uku, da hantsi, gida cike da mata. Azumi tana tsakar gida tana juya shinkafa a ƙatuwar tukunya, makullan Hajiya a ƙulle a habar zaninta, don ita ke buɗe sito. Sai ta jiyo hayaniya daga ƙasan tudu, irin wadda ta sani sarai. Ta ce a ranta ai kowa ya san Hajiya ta rasu, wucewa za su yi. Ba su wuce ba. Ƙafa ta saba, nan suka nufo.

Wani Bafulatani suka jawo, magidanci mai furfura a gemu, jini yana zuba daga goshinsa, takalmi ɗaya a ƙafa. A kwanakin nan an sace mutane a unguwannin bayan dutse, kowa a tsorace yake kwana. Wai an gan shi yana yawo yana tambayar gidan mai tifofin nan, don haka infoma ne, ya zo nuna wa masu garkuwa gida. Wani yana riƙe da taya. Wani kuma da galan ɗin fetur.

Da suka iso gaban kwantena sai suka yi cirko-cirko, kamar yanzu suka tuna babu mai buɗewa. Mazan gidan duk suna masallaci wurin addu'a. Wani mai walda da ake kira Thaddeus, wanda ke gaba, ya hango Azumi.

"Mama, ina makulli? Ko akwai, ko babu. In babu mu gama da shi a nan."

Azumi ta so ta ce babu. Wallahi bakinta har ya buɗe. Sai Bafulatanin ya ɗago ya dube ta. Ba ta san lokacin da ta isa ƙofar ba. Sau da yawa makullin yana zamewa kafin ya shiga. Aka tura shi ciki, ta datse kwaɗo, ta juyo.

Nan ne ta ga abin da Hajiya take gani duk shekarun nan: fuskoki, gumi, jajayen idanu, yaran da ta zuba wa abinci da hannunta amma yau ba su san ta ba. Waɗanda suka iso daga baya ba su yarda ba. Suka fara cewa Hajiya ta mutu, dokarta ta bi ta, a fito da shi. Wani dogo ya matso har tana jin warin fetur a jikinsa, ya miƙo hannu.

"Tsohuwa, ba ni. Ba ma son mu taɓa ki."

Azumi ta san kanta. Ta san idan ya ƙara faɗa sau ɗaya, miƙa masa za ta yi, ta kuma ba shi haƙuri. Ita ba Hajiya ba ce, ba ta iya riƙe makulli a gaban maza. Daga gefen kwantenar akwai tsohuwar rijiyar da ake sha kafin a yi burtsatse, murfinta a karkace. Ta rintse ido ta cilla makullan gaba ɗaya, har da na sito. Kowa ya ji faɗawarsu a ruwa.

Nan take aka ɓarke da zagi. Ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta, ta sulale ta zauna a gindin ƙofar, bayanta a jikin ƙarfe mai zafi. Matan da ke zaman makoki suna leƙe. Suka ɗauka da gangan ta zauna. Wata ta fito da tabarmarta ta zauna kusa da ita, wata ta biyo, kafin ka ce me gaban kwantena ya cika da mata da carbi, cikinsu har da uwar dogon nan. Azumi ba ta ko gan su sosai ba. Ido kawai ta zuba wa galan ɗin fetur, tana jin numfashin mutumin ta bayan ƙarfe, tana tsoron kada ya tsaya.

Sai bayan azahar motar 'yan sanda ta hauro, Nazeer ɗan Hajiya ne ya kira su daga masallaci. Babu makulli. Thaddeus ɗin da ya jawo mutumin, shi ya koma ya ɗauko injinsa ya yanke kwaɗon, kansa a ƙasa.

Mutumin ya fito jiƙe sharkaf da gumi, da ƙyar yake tsayuwa. Aka ba shi ruwa. Ɗan sanda ya tambaye shi sunansa da abin da ya kawo shi unguwar. Ya ce sunansa Badaru, daga rugar bayan Masaka yake. Bara matarsa ta faɗi a bakin titi da ƙwaryar nono, ga ta da tsohon ciki, wata mai tifofi ta tsaya ta kai ta asibiti. Jiya ya ji labarin rasuwarta, shi ne ya zo gaisuwa, bai san gidan ba.

Ya waiga ya dubi matan da ke zaune, ya tambaya wace ce ta gidan. Aka nuna masa Azumi. Ya durƙusa a gabanta, jinin goshinsa ya bushe, ya ce, "Inna, ya haƙuri? Allah ya jiƙanta."

Azumi ta amsa da amin, ta tashi ta zubo masa abincin sadaka.