Baba Alhassan, Masaƙin da Ya Yi Tsere da Injinan Kudu

Ina sauke dilar auduga a tashar jiragen ruwa ta Bahiya, garin da aka kawo mu bauta a ƙetaren teku, sai wani ɗan dako ya dafa ni ya ce, "Mamman, Baba Alhassan ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a kan dilar.

Tare muka yi aiki a masaƙar da ake saƙa buhunan sukari. Shi ya daɗe da fansar kansa, amma 'yarsa Binta tana nan a hannun mai masaƙar, domin cikin bauta uwarta ta haife ta. Don ita ya zauna. Da rana tsaka yakan raba rogonsa biyu ya tura mata babban, ya ce wai haƙoransa sun gaji.

Sai mai masaƙa ya dawo daga birnin Riyo, can kudu, ransa a ɓace. Ya ce abin da muke saƙawa a mako, masaƙun can kafin rabin mako sun gama. In ba mu kamo su ba, zai rufe sashe ɗaya ya sayar da bayin sashen ga gonakin kofi na kudu. Sashen Binta yake nufi.

Na ce, "Baba, ba laifin hannunmu ba ne. Su ruwan kogi ke juya musu inji. Mu sai mun jira gawayi daga jirgi, auduga kuma a bayan alfadari take zuwa."

Ya ce, "Mamman, a garinmu in masaƙi ya ga an wuce shi, zama yake ƙarawa. Ban san wata dabara ba."

Wallahi haka ya yi. Ya ɗauki inji kamar masaƙar hannu ta gida. Zare ya tsinke, ba ya tsayar da inji, yana gudu yake ƙullawa. Ya daina fita shan iska, ƙurar auduga tana cika masa ƙirji. In na yi masa faɗa sai ya ce, "Bari tarin, ai ba ya tsinka zare." Ranar da gawayi ya ƙare kuwa sai ya tsaya gaban injin da ya mutu. Ina kallo, ba abin da zan iya. Har yau abin yana ci na. Tarin nan ne ya yi ajalinsa.

Mun nemi farin ƙyalle na likkafani, wanda muka samu a kasuwa saƙar Riyo ne. A ciki muka naɗe shi. Washegari aka ce wa Binta ta ɗaure kayanta.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata kabarinka, ya ba ƙirjinka hutu. Binta kuma, ya Allah, kai kaɗai ka san gonar da za a sauke ta. Ka ba ta haƙuri, ka haɗa ta da wanda zai amsa mata sallama da harshen mahaifinta. Amin.