Ƙwayar da Likita Ya Ba Labbo

Labbo ɗan ƙanen babana ne, mai facin taya a bakin wata tasha a Gusau. A Furfuri aka haife shi, a can kuma ya koyi shan tiramol wajen ƙwadago, don ya iya nome gonar mutum biyu a yini ɗaya. Shekara bakwai yana sha. Ranar da ya ɗauki 'yarsa ta fari ta kusa suɓucewa daga hannunsa saboda makyarkyata, ya ce ya daina. Ya sha wuya ƙwarai, amma ya daina ɗin.

Shi ne ya tara abokansa biyu, Bashar direba da Kamilu mai wankin mota, waɗanda su ma suka bari, suka fara zama kowace Juma'a bayan la'asar a rumfarsa. Dokarsu ɗaya ce: ba a ɓoye wa juna komai. Kafin shekara ta zagayo sun kai mutum ashirin. Har Bungudu ana gayyatarsu su yi wa matasa magana, kuma Labbo ake turawa gaba, don shi ba ya jin kunyar faɗin abin da ya aikata.

A shekara ta uku ne abin ya same shi. Barci ya ƙaurace masa, sai surutu ba tsayawa, daga baya kuma ya yi mako biyu ko gaisuwa ba ya amsawa. Matarsa Mansura ta sa aka yi masa addu'o'i, sannan ta ja shi asibiti. Likita ya ce lalurar ƙwaƙwalwa ce, mai yiwuwa ma ta daɗe a jikinsa, ya rubuta masa ƙwaya ɗaya kullum da safe. Cikin wata guda Labbo ya koma aiki.

Na ce masa ya yi shiru da bakinsa. Bai ji ba. Juma'ar farko ya fito da maganin daga aljihu ya nuna wa jama'arsa.

Bashar ya juya kwalin a hannu ya ce, "Ƙwaya ƙwaya ta, Labbo. Mu nan mun bar ƙwaya."

"Likita fa yab ba ni."

"Ni ma mai kemis ka ba ni tawa."

Aka yi dariya. Wani daga baya ya ce dama gari na kiran su mahaukata, ga shi yanzu shugabansu ya samo takardar shaida. Bashar ya ƙara da cewa, "Mu tubabbu na, ba mahaukata na ba. In anka ji wagga magana, wa za ya ba mu ɗiyansa mu yi musu nasiha?"

Ka ji fa! Mutanen da ba wanda ba a taɓa tsinta a kwata ba a cikinsu, su ne yau suke ƙyamar mai ciwo. Mako na gaba aka shirya tafiya Tsafe don yi wa matasa magana, motar ta tashi ba a gaya masa ba. Zaman Juma'a ma aka mayar da shi garejin Bashar.

Abin da ya fi ƙona mini rai, Labbo ya ga kamar suna da gaskiya. Ya daina shan maganin a ɓoye, ya je ya shaida musu, suka tafa masa. Mako uku aka yi. Ran nan da hantsi aka kira ni a waya, na tarar da shi a tsakiyar tasha ba takalmi, ya rarrabar da kayan aikinsa, yana yi wa fasinjoji huɗuba. Bashar na tsaye a gefe yana cewa, "To kun gani. Mi nic ce muku?"

Mansura ba ta jira kowa ba. Ranar Juma'a ta saka hijabinta ta nufi garejin, na bi ta a baya don kada a yi abin kunya. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam Bashar, lokacin da kake amai a rumfar mijina, shi yag goge. Bai tambaye ka ko tubabbe kake ko mahaukaci ba. Kun ce ya bar magani, ya bari. To wa za ya zo ya yi jinyarsa cikinku?"

Ba wanda ya zo.

Labbo ya yi kwana tara a asibiti. Yanzu yana shan maganinsa a gaban Mansura kafin ya fita, mutanen tasha kuma sun mayar masa da yawancin kayansa. Bai koma zaman Juma'a ba, amma ko sau ɗaya ban ji ya zage su ba. In na fara, sai ya ce, "Yaya, tsoro suka ji, ka bar su."

Watan jiya Kamilu ya zo rumfar, ya daɗe yana kame-kame, sannan ya tambayi ranar da ake ganin likitan. Ya ce wai don wani maƙwabcinsa ne. Labbo ya ce Talata ce, ranar kuma ya ɗauke shi a babur. Da suka kusa, Kamilu ya ce a sauke shi can nesa da ƙofar asibitin, kada wani ya gan su tare. Labbo ya sauke shi, ya koma gindin wata bishiya ya zauna yana jiransa har azahar. Da ya ba ni labari na ce ni da ni ne, da ƙafa zai koma gida. Ya ce Talata mai zuwa ma shi zai kai shi.