Takardar da na ninke cikin hula

A lokacin ni kafinta ne mai rufin kwano. Shekaruna sun haura arba'in, ina zaune a Hashimi da iyalina, kullum in bi mota zuwa Abuja aiki. Ban iya karatun boko ba, kuma matata kaɗai ta sani, domin in aka miƙo mini takarda sai in ce na manta tabarau a gida.

Wani ƙullutu ya fito mini a bayan kunne, ba zafi ba ƙaiƙayi, amma cikin wata biyu ya kai girman goro. Da aka gwada a asibiti, likita ya ce ciwon dajin fata ne, irin wanda ba a cika gani ba, mai saurin yaɗuwa. Aka yi mini tiyata aka cire. Ranar sallama ya ba ni wata takarda, ya yi bayani da Turanci, ya tambaye ni ko na gane. Surukina da ya zo ɗaukata yana tsaye a bakin ƙofa, kunya ta hana ni cewa a'a, sai na gyaɗa kai. Na ninke ta cikin hula, a gida na jefa ta akwati. Na ɗauka shaidar sallama ce.

Ɗinki ya warke, na koma kan rufi. Bayan wata biyar kaluluwa ta taso mini a wuya, da tauri kamar dutse. Da na koma, likita ya tambaye ni yadda na ƙare da gashi. Na rasa wane gashi yake nufi. Ashe takardar turawa ce zuwa Abuja, a ƙone ragowar cutar da hasken na'ura kafin ta yaɗu. Lokacin da ya kamata a yi shi ya riga ya wuce.

Aka sake yanka wuyana, aka yi gashin a makare. Yawu ya ƙafe mini, tuwo ba ya haɗiyuwa, hannun damana ba ya ɗaga guduma. Na tambayi likita ko an ci ƙarfin cutar, ya ce ba zai yi mini alƙawari ba.

Yanzu ina zuwa ajin yaƙi da jahilci bayan la'asar. Kwanan baya na fito da takardar, na karanta kwanan watan da ke jikinta da kaina, na zauna ina kallonsa. Wannan kunyar ta minti ɗaya ce ta kai ni inda nake. Don Allah, duk wanda aka miƙa wa takarda a asibiti, kada ya tashi sai an faɗa masa abin da ke cikinta da harshen da yake ji, ko wa ke tsaye a ƙofa.