Malam Mai Zugazugi da Zauren Baba

Shekara talatin ke nan da rasuwar maigidana, wanda mutanen Kazaure suka fi sani da Malam Mai Zugazugi. Ba maƙeri ba ne, mai hoto ne. Allah ya ji ƙansa, har yau in na wuce inda shagonsa yake sai zuciyata ta karye.

Bayan samun 'yancin kai ya sayo ƙaramar kyamara sabuwa dal daga Kano, irin ta ratayawa a wuya. Abin da ya fara ɗauka shi ne zauren da mahaifina ya gina wa wani mai fataucin gyaɗa a Roni. Baba magini ne, kuma duk aikinsa babu wanda yake ji da shi kamar zauren nan, ga tsawo ga zankaye. Malam ya ɗaga kan kyamara don ya kamo zankayen. Da aka wanko hoton sai ga bango ya tsuke ta sama, ya kwanta baya kamar zai faɗi.

Hoton ya zaga kasuwa daga hannu zuwa hannu. 'Yan hassada suka samu abin faɗa, wai ashe ginin tsoho a karkace yake, ido ne ba ya gani. Wani da ya zo neman magini daga Gwiwa ya juya abinsa. Baba ya kira surukinsa, ko murya bai ɗaga ba.

"Malam, ni ban taɓa karkata bango ba. Ko akwatinka ya yi ƙarya, ko hannuna."

Malam ya dawo gida ko tuwo bai taɓa ba. Ya bincika, aka ce akwai wani idon kyamara na musamman mai gyara wannan, amma ya fi ƙarfin irinmu. Sai ya koma Kano ya yi musayar sabuwar da wani tsohon akwatin katako mai ƙafa uku da baƙin mayafi, wuyansa na fata yana naɗewa kamar zugazugi. Na ce, "Haba Malam! Kowa na yin gaba kai kana komawa baya?" Ya ce in dai zuba ido. Shi akwatin daram yake zama, ba a ɗaga kansa. Idon kaɗai ake murzawa ya hau sama, ya kamo zanko, bango kuma yana nan a miƙe.

Hoto na biyu ya fito sak. Baba ya daɗe yana kallo, ya ce, "Yauwa, wannan ne nawa." Sai dai na farkon ya riga ya yi nisa, kuma mutane sun fi son sa.

Da kuɗin man fetur suka shigo, kowa sai siminti da kwano. Aka dinga rushe soraye ba ko tausayi. Malam ya riƙa ɗaure akwatinsa a bayan keke, yau Babura gobe Gwiwa, yana rige-rige da masu diga don ya ɗauki hoton sorayen kafin a rushe. Ba wanda ya sa shi. Jama'a hoto suke so da sabuwar rediyo a cinya, ba na tsohon bango ba. Magadan mai gyaɗa ma suka baje zauren Baba suka jera shagunan bulo. Baba bai ƙara bin wannan layin ba har ya koma ga Allah.

Ina tambayar kaina, da Malam zai ga yau me zai ce? Kowa da waya a hannu, kowane bene a hoto ya kwanta baya, kuma ba wanda abin ya dama. Na san shi, ba zai yi faɗa ba. Tsaki zai ja ya kau da kai.

Yawancin hotunan gara da danshi sun cinye, abin da ke cina ke nan. Na zauren Baba ya rage, ya koɗe amma bangon na tsaye. Kwanan baya jikata da ke aure a Roni ta gan shi a ɗakina, ta ce, "Kai, Kaka, wannan gini a wace ƙasa yake?"

Na buɗe baki in gaya mata nan ne inda take sayen sabulu kullum, kuka ya riga ni.