Jan Gashin da Na Zubar a Shara

Jama'a, wanda zai yarda ya yarda, wanda zai ce shaci-faɗi ne shi ya sani, ni dai wallahi tallahi a kaina abin nan ya faru. Shekarun baya ne, bayan an buɗe gari daga kullen korona, ina zaune a unguwar Gorton, can ƙasar Turawa, da matata Zulai, ina tuƙin tasi, a gefe kuma ina ɗan taɓa harkar zinare. Harkar ba wuya: ka bi kasuwannin gwanjo ka sayi sulallan zinare irin na da masu kan sarauniya, waɗanda suka lanƙwashe ko aka huda, masu tara kayan tarihi ba sa so, sai ka same su da araha, in sun taru ka kai Birmingham wajen masu narkawa su ɗora a sikeli su biya ka. Su ba ruwansu da kyau, nauyi kawai suke saye, shi ya sa kafin ka kai sai ka ɓamɓare duk abin da ba zinare ba.

Wata Lahadi a kasuwar gwanjon Salford na ci karo da wani sule da aka rarake bayansa aka liƙa gilashi, a ciki kuma ga gashin mutum, ja wur, an kitse shi siriri kamar zare. Ashe haka Turawan da suke yi, in nasu ya mutu sai su yanki gashinsa su adana. Ni ina ruwana? Ina zuwa gida na sa tsinin wuƙa na fasa gilashin, na kwashe gashin na watsa a kwandon shara kan ɓawon albasa. Ni fa, da aka haifa a gidan da ko aski aka yi sai an tona rami an binne!

Ba a yi sati ba Zulai ta tare ni a bakin ƙofa, riƙe da wani dogon jan gashi da ya fi kamu biyu.

"Malam, wannan na wace ce? A wuyan rigarka na ciro."

Na ce tasi nake ja, kowa shiga yake yi. Washegari ta samu a kan matashina, jibi a cikin matajinta, rannan kuma muna cin tuwo da rana tsaka ta zaro shi daga miyar kuka, tana ja yana zuwa, tana ja yana zuwa. Kai! Ranar an yi ta. Ni kuma da baƙar zuciya, maimakon in lallashe ta sai na hau faɗa, na ce ita ke ɗorawa don ta ja min sharri. Na rantse har da Alƙur'ani, ta ce in ajiye kada ya ci ni. Ta haɗa kayanta ta tafi gidan yayanta Nura a unguwar Sparkhill ta Birmingham.

Na ce bari in rabu da tsinannen sulen. Na kai wa wani tsohon Bature da na saba sayar wa kaya, mutumin da kullum sai ya ba ni shayi. Yana juya sulen ya ga ramin, sai fuskarsa ta canza.

"Ina abin da ke ciki?"

Na ce na zubar. Wallahi mutumin nan turo min kayana ya yi gaba ɗaya da bakin biro, ya nuna min ƙofa, ya ce kada in ƙara tako masa shago. Na zage shi da Hausa son raina, na tsallaka wani shagon, yaran zamani, ko kallo ba su yi ba suka auna suka jefa a wuta. Na ce to, magana ta ƙare.

Daga nan na wuce Sparkhill biko. Yaya Nura ko hannu bai ba ni ba, a tsaye ya bar ni a falo. Can sai ga Zulai, ta rame, idanu sun faɗa. Ba ta gaishe ni ba, ɗankwalinta kawai ta zame. Inna lillahi! Jama'a, kowane layi na kitsonta da jan gashin nan a ciki, an saƙa shi tsaf tun daga goshi har ƙeya, an ja shi tamau har fatar kan ta yi jini.

"Matar Yaya ce ta yi min kitson nan jiya, baƙi ƙirin," in ji ta. "Na yarda ba ka ci amanata ba, ka yafe min. Amma duk ranar da na ce a raina zan koma gidanka, haka nake tashi. Ina jin yatsun mai jan gashin nan a kaina, masu sanyi. Don girman Allah ka sauwaƙe min."

Na yi kuka a gaban yayanta, ni da ban taɓa yi ba. An yi sauka, an yi ruƙiyya, har na je wajen da hukumar gari ke tara shara ina tambayar gashin da na zubar kamar mahaukaci, suka yi min dariya. Da na ga kanta ya fara miki, na sake ta, ina sonta tana sona. Tun daga ranar, in ji Yaya Nura, ko sili ɗaya ba ta ƙara gani ba.

Mai jan gashin nan, ban san ko wace ce ba, ban san me take nema ba, kuma ban ƙara aure ba, don ba zan ja wa 'yar mutane ba. Shawarata gare ku masu bin gwanjon ƙasar nan: in kun ga kayan mamaci da wani abu na jikinsa, ku bar shi inda kuka gan shi, komai araharsa. Ni kaɗai nake kwana a gidan nan yanzu, kaina a aske ƙwal, amma duk ƙarshen wata sai na sa waya na zaƙulo abin da ya toshe min magudanar banɗaki, kuma kun san kalarsa.